Kazar Kaka a Tukunyar Ƙungiya

Jiya kazar maƙwabciyata a nan Batsari ta yi irin gurnanin nan na mai kwanci, sai na kama dariya ni kaɗai a tsakar gida, har yarana suka leƙo ko lafiya. Kakata na tuna, Allah Ya jiƙanta.

Ina ƙarama a Zakka, ita ce shugabar ƙungiyar matan unguwarmu. Duk dukiyar ƙungiyar ba ta wuce tabarmi da kwanoni ba, sai wata ƙatuwar tukunyar dalma da ke cinye tiya goma ta shinkafa. Mai biki ko suna ta ara, ta mayar wa ma'ajiya. Dokarsu kuwa mai zafi ce: wadda ta riƙe tukunya ta wuce kwana uku, an dakatar da ita shekara guda, ba aro, ba mai taya ta aiki. Kaka ce ta kawo dokar da bakinta, tana kuma alfahari da ita kamar ɗan fari.

Wata damina matar mahauci ta yi suna. Da aka watse ta aiki yaranta su mayar da tukunya, su kuwa suka ga gidanmu ya fi kusa, suka tura ta ƙarƙashin rumbun Kaka suka yi gaba. Kafin Kaka ta ankara, kazarta wake-wake, wadda take ji da ita fiye da mu jikokinta, ta zuba ƙwai a ciki ta hau kwanci. Kaka ta duƙa ta leƙa, ta daɗe. Ta san in aka taɓa mai kwanci sai ƙwai su zama baragurbi.

"Sati uku ne dai," in ji ta. Ta juyo ta harare ni. "Ke kuma ba ki ga komai ba."

To, ma'ajiya ta tayar da maganar ɓatan tukunya. Kaka, ko kunya babu, ta naɗa kwamitin bincike: matar liman, ungozoma, da ita ma'ajiyar. Suka bi gida-gida, suna ɗaga gadon mutane, suna leƙa madafi. Ranar da suka zo namu, Kaka ta sa ni daka a gindin rumbu don kada a ji motsin kaza. Turmin ba komai a ciki sai dusa, amma na daka har kafaɗuna suka yi tsami. Ashe wahalar banza na sha. An yi gaisuwa tun daga ruwan bana har ciwon gwiwa, an sha fura, an yaba nonon, suka ɗauki takalmansu. Wa zai leƙa ƙarƙashin rumbun shugaba?

Ranar taro, bayan la'asar, ƙasa na ƙamshin ruwan da aka yi da rana, kwamiti ya ce a hannun matar mahauci aka yi wa tukunya ganin ƙarshe. Baiwar Allah ta rantse ta mayar. Aka kira yaranta, tsoron bulala ya sa suka ce sun manta inda suka kai. Ta fashe da kuka, don bayan girbi za ta aurar da 'yarta, kuma in aka dakatar da ita, ita kaɗai za ta yi ta fama da murhu.

Saura shugaba ta yanke hukunci. Kaka ta yi tari. Ta nemi ruwa. Ta kwance ɗankwali ta sake ɗaurawa. Can ta ce, "Tukunya na ƙarƙashin rumbuna. Kaza ce a ciki."

Sai ungozoma ta tuntsire, ta ce, "Oh ni! Har fura muka sha a gabanta!" Wuri ya kaure da dariya, har mai kukan tana yi tana share hawaye.

Matar liman ta ce, "Inna, a bar zancen. Ke uwa ce gare mu duka."

"Da ita ce za ku bari?" in ji Kaka, tana nuna matar mahauci. Ta tashi daga tabarmar shugaba, ta koma bakin ƙofa wajen takalma ta zauna. Alfarma guda ta roƙa, a ƙara wa kazar kwana huɗu. Aka ɗaga hannu, aka amince.

Shekarar dakatar da Kaka ta cika cif. A cikinta aka yi bikin ƙanwar babana, muka dafa shinkafa a ƙananan tukwane bakwai, hayaƙi ya kusa makantar da mu, Kaka na zaune tana faɗa da kowa amma ba ta aika aro ba.

Yanzu ni ce sakatariyar wata ƙungiya, muna da ofis da hatimi da tsarin mulki a rubuce, ni na buga shi da hannuna. Wa'adin shugabanmu ya ƙare tun bara waccan, kowa ya sani. Duk taro sai na shiga da takardar a jaka, na ma lanƙwashe shafin da ya shafe shi. In ya ce, "Malama, akwai wani abu?" sai in ji bakina ya ce, "Babu, ranka ya daɗe." Kaka ko sunanta ba ta iya rubutawa ba, amma kunyarta nake ji har in iso gida.