Auta Ba Ta Wuce Ba Tukuna

A makon da ya wuce, kwana biyu cur wayar ɗana ba ta shiga ba. Yana karatun likita a wani tsibiri can ƙetaren teku, kusa da ƙasar Amurka, kuma a labarai ana ta nuna wata guguwa tana juyawa a kan ruwa kamar ana dama fura a ƙwarya, ta doshi inda suke. Saƙonsa na ƙarshe gajere ne: an ce kowa ya shige gida, za a ɗauke wuta, kada in damu. Wai kada in damu. Na share tsakar gida sau uku, na je makaranta na koyar da darasin da ni kaina ban san me na faɗa ba, na dawo na ɗora tukunya na manta gishiri. Malam, maigidana, ya ce in nemi wuri in zauna, zirga-zirgar da nake yi tsakanin ɗaki da zaure ba za ta mayar musu da waya ba. Gaskiyarsa ce, amma ƙafata ta ƙi jin magana. A cikin wannan kai-komon ne Iya Yagana ta faɗo mini a rai.

Iya Yagana kakata ce ta wajen uba. A gabanta na tashi, a wani ƙauyen masunta da ke gefen Guri, inda in damina ta zauna ruwa ke zagaye mu ta ko'ina, ko kasuwa sai a kwalekwale. Wutar hirarmu ba ta jin ɗumi ba ce, ta banda ce. Baba zai kawo tarwaɗa da karfasa, Iya ta gyara su ta jera a kan tukuba, ta hura wuta ƙasa-ƙasa da ɗanyen itace don ta ba da hayaƙi. Da an idar da Magariba an ci tuwo, sai mu yara mu taru a rumfar banda, domin nan ne kawai sauro ke jin kunyarmu. Idonmu na ruwa, kayanmu na ƙarnin kifi, amma ko da sanda ba a korar mu.

Tatsuniyoyinta suna da yawa, amma akwai guda ɗaya da ba a roƙonta. Ita sai ranar da hadari ya haɗo. Za ka ji iska ta tsaya cak, gumi na bin bayanka, kwaɗi sun yi tsit, gabas ta yi baƙi ƙirin tana ƙifta walƙiya. A irin wannan yammar Iya ba ta iya zama. Ta juya kifin da bai kai juyi ba, ta leƙa waje, ta dawo, ta yi wa wanda ya taka mata tabarma faɗa. Can sai ta zauna a bakin turmi ta ce, "Ga ta nan ta taso daga gabas." Mu kuma mu amsa, "Ta zo ta wuce lafiya."

Wai akwai wata mata can ƙarshen gabas, bayan Barno, bayan duk inda fatake suka sani. Tana da ɗa namiji guda ɗaya da 'ya'ya mata bakwai. Wata rana ɗan ya ɗauki gorarsa ya ce zai je ya ga babban ruwan da ke yamma, wanda ba a hango ɗaya gaɓarsa. Ya tafi, shekara ta zagayo, shiru. Uwar ba ta ce wa kowa komai ba. Ta dai kira babbar 'yarta ta ce ta bi sawu, ta duba gida-gida har ta kai bakin ruwan.

Babbar ita ce hadarin farko, mai zuwa da bazara. Gaggawa gare ta da yawan surutu, ta taso da jar ƙura, ta yi ta tsawa, ruwan da za ta zubar bai fi ya kwantar da ƙasa ba. Da ba ta dawo ba, aka aiki mai bi mata, sannan mai bi mata. Na tsakiya su ne na marka, masu saurin kuka. Su ba sa fasa komai, zama suke yi a kan gari kwana da kwanaki suna zubar da hawaye har kogi ya cika ya haura gonaki. Kowacce in ta zo sai ta girgiza ƙofa, ta ɗaga jinka ta leƙa, ko ɗan'uwanta yana ciki.

"Ba mugunta ba ce," in ji Iya. "Wanda yake nema ba ya sallama."

Daga nan su yi yamma. In sun isa babban ruwan, babu bango babu bishiya, babu wanda za su tambaya. Sai su shiga juyawa wuri ɗaya suna neman sa, suna ƙara girma, har su zama abin da ko uwarsu ba za ta gane ba. Babu wadda ta taɓa komawa gida.

Iya tana da wani zane da take yi da gawayi a bangon rumfar, kowane babban hadari layi ɗaya. Ni da bakina ba ya shiru, wata shekara na ƙirga na ce mata ai layukan sun wuce bakwai. Ta harare ni ta ce wasu mantuwa suke yi su koma ɗauko mayafi, kuma in na fi ta sani in karɓi tatsuniyar in ƙarasa. Ban sake ƙirgawa da ƙarfi ba.

Saura Auta. Ita uwar ba ta so ta sake ta, don haka take riƙe ta har sai ruwa ya ɗauke, gero ya nuna, mutane sun saki jiki. Auta ba a aike ta ba, sulalewa take yi. Kuma da yake ita ce ta fi shaƙuwa da yayan nata, ba ta leƙe, ɗauke rufin take yi gaba ɗaya. A nan Iya take tsayawa. Duk sauran tatsuniyoyinta tana rufe su, wannan kuwa sai dai ta miƙe ta koma juya kifi. In mun ce to an gan shi, sai ta ce ruwa ya sauko, kowa ya gudu ɗakin uwarsa.

Ina 'yar shekara tara ko goma na ga Auta da idona. A shekarar Baba ya yi wa Iya rufin kwano, na farko a gidanmu. Ƙasarmu babu dutse, don haka da kututturen goruba ake danne kwano. Da ruwa ya ɗauke kusan mako uku, Baba ya jingina tsani zai sauke kututturen ya gyara gindin rumbu kafin girbi. Iya ta fito ta tsaya a ƙarƙashinsa.

"Modu, bar su. Auta ba ta wuce ba tukuna."

Baba ya yi dariya ya ce yanzu kuma tatsuniyar yara ta shigo aikin manya. Ya nuna mata sama, fes, ko ɗigon girgije babu. Ya sauke su duka.

Kwana huɗu aka yi. Ranar ta biyar da La'asar, muna wasa a bakin ruwa, muka ga tsuntsaye sun tashi gaba ɗaya daga cikin kacalla, ciyawar nan mai tsawo da ta cinye fadamarmu. Kafin mu kai gida iskar ta riga mu. Ban taɓa jin ƙara irin ta kwanon nan ba lokacin da ya ɓalle. Ya tashi sama ya nannaɗe kamar tabarma, ya faɗa can cikin ruwa. Awaki na kuka, Ummata na ƙwala kiran sunayenmu ɗaya bayan ɗaya, Baba na gudu da buhu a ka zai rufe kifin banda. Ni kuwa tsoro ya sa na faɗa ɗakin Iya, na manta ba shi da rufi.

Na same ta tsaye a tsakiyar ɗakin, ruwa na dukanta, ta ɗaga kai sama. Ba salati take yi da ƙarfi irin na sauran mata ba, ba kuma kayanta take kwashewa ba. Magana take yi a hankali, kamar da baƙuwar da ta saba zuwa.

"Kin gani dai, ba ya nan. Yi gaba, ki duba da kyau."

Da ta juyo ta gan ni sai ta daka mini tsawa, wai me nake yi a cikin ruwa. Washegari Baba ya tsamo kwanonsa yana sunkuyar da kai. Ni dai abin da na ɗauka a lokacin shi ne darasin a fili yake: kada ka sauke nauyin rufinka don ka ga sama ta washe. Da wannan fahimtar na girma, har na riƙa faɗa wa ɗalibaina in jarrabawa ta kusa ƙarewa sun fara wasa.

Sai bayan rasuwar Iya, ina da cikin fari, Ummata ta ba ni sauran labarin. Ashe Baba yana da wa. Tun kafin a haife ni ya bi motar kifi zuwa kudu, daga can ya aiko cewa ya sami aiki a jirgin ruwa a Ikko. Wasiƙa biyu aka gani, daga nan babu shi babu labarinsa. Shi ne ɗan farin Iya, kuma a wajenmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta nuna damuwa da shi a gaban mutane. Don haka shekara fiye da talatin Iya ba ta tambayi kowa shi ba. In fatake sun dawo daga kudu, sai ta gaishe su da hanya, ta tambaye su ko can ma ana ruwa, ta tsaya tana kallon bakinsu. Mutane suka yi ta yabonta, wai mace mai alkunya, mai haƙuri. Har yau in na tuna yabon nan raina ɓaci yake yi. Mace tana ƙonewa a gabansu, su suna yaba kyan hayaƙin.

Da na haifi namiji, Baba ya roƙi a mayar da sunan wansa. Aka mayar. Ni kuma, da duk karatuna da faɗan da nake yi a kan abin da aka yi wa Iya, sai na tsinci kaina a layinta. Ban taɓa kiran yaron da sunansa ba. Yana ƙarami "kai" ne, da ya girma ƙannensa suka laƙaba masa Likita, na fake a nan. Ko a wayata haka na rubuta. Ranar da zai tafi, a tashar Hadejia, ubansa ya rungume shi, ni kuwa na ce ya kula da takardunsa, na juya ina gyara mayafi.

Likitan ne bara ya kira ni yana dariya, ya ce wani malaminsu ya yi musu bayanin guguwar da ke addabar tsibirin kowace shekara. Wai da yawansu daga wajenmu suke tasowa. Hadarin da ke ratsa ƙasashenmu daga gabas, in ya faɗa teku ya sami ruwa mai ɗumi, shi ne yake juyawa ya girma ya zama abin da ke tumɓuke gidaje. Har sunaye suke ba su ɗaya bayan ɗaya, daga farkon lokacin zuwa ƙarshensa. Ya ce ashe Iyar da nake ba su labari ta riga masana. Na yi dariya a lokacin. Amma tun daga ranar, duk hadarin da ya wuce ta kan gidana sai na bi shi da kallo har ya ɓace a yamma. A bana ma sai da ya ce mini lokacin ya kusa ƙarewa, saura kaɗan su huta.

A rana ta uku, bayan La'asar, ina tsaye a zaure ba tare da na san abin da ya kai ni ba, wayar ta yi ƙara. Baƙuwar lamba ce. Muryarsa ta fito a dishe, tana yankewa. Ya ce suna lafiya, an kwashe su zuwa wata makaranta, wayar wani ya ara. Rufin gidan da suke haya ya tafi, littattafansa duk sun jiƙe. Sai ya ɗan yi dariyar gajiya.

"Umma, Auta ce. Ta ɗaga rufi ta same ni a ciki."

Na jingina da bango. Shekara da shekaru ina ɗauka tatsuniyar nan gargaɗi ce a kan rufi. Ashe hanya ce da wata uwa ta samu ta yi cigiyar ɗanta a gaban kowa ba tare da an ce ta yi rashin kunya ba. Ta aika iska bakwai kowace damina, babu wadda ta dawo mata da amsa, kuma ta koma ga Allah sunan yana bakinta bai fito ba. Ni ga nawa a kunnena, yana numfashi, yana jira in ce ya kula da takardunsa.

"Bukar," na ce.

Malam da ke shigowa ya tsaya da takalmi ɗaya a hannu.

"Na'am, Umma."

Na sake kira, ba don ban ji amsar ba. Na farkon nawa ne. Na biyun na Iya ne.