Binciken Aure a Gonar Inabi

Yayanmu ne ya kira ni daga Kano ya ɗora mini aikin. Wani ɗan Maraɗi da ke sarin kaya a kasuwar Canaan, inda nake da shago, ya nemi auren ƙanwarmu, wadda mijinta ya rasu shekara uku da suka wuce. Ita ta ce ta ji ta gani. Saura bincike, kuma tunda ni ne a Guangzhou, abin da na faɗa shi zai sa a ba shi ko a hana shi.

Ni kuwa dama mutumin bai kwanta mini ba. Fara'arsa ta yi yawa. Duk Lahadi kuma sai ya ɓace, ya dawo da yamma fuska wasai. Da na matsa da tambaya aka ce mini yana bin wasu 'yan China ne, irinmu marasa mota, da ke shiga jirgin ƙasa zuwa wajen Nansha, su hau kekuna su zagaya gonakin inabi. A gona ta ƙarshe ana matse inabin a yi giya, a ba baƙi su ɗanɗana. Na ce to, ga inda fara'ar take fitowa.

Na ce masa ina son zuwa. Ya yi murna har abin ya ba ni haushi.

Rabona da keke tun ina sakandare. Gefen hanya ruwa, ɗaya gefen ayaba da rumfunan inabi, amma ni ban ga komai ba sai ƙeyarsa. In ya tsaya na tsaya. In ya yi dariya da matar da ke jagorantar tafiyar, sai in ƙara wuta in ji me ake cewa, cinyoyina kuwa kamar an daka su a turmi.

A gona ta ƙarshe aka jera ƙananan kofuna a kan tebur. Tsohuwar mai gonar ta hango shi, ta ce "laoban", wato maigida, ta shiga ciki ta kawo masa nasa kofin daban. Na zuba wa kofin ido. Wato har an san abin da yake sha. Ya kurɓa, ya ajiye, ya ce mini, "Yaya, bari in yi alwala, Azahar ta yi."

Yana ba da baya na ɗauki kofin na kai hanci. Ruwan inabi ne zalla, har da ɓawo a ciki. Ban yarda ba, na ɗauki ɗaya daga na kan tebur don in gwada warin. Daidai nan jagorar ta ɗauke ni hoto, kamar yadda take ɗaukar kowa. Ga ni da hula da gemu, kofin giya a bakin hanci, ido a lumshe.

Na same shi a bayan rumfa ya shimfiɗa kwali. Muka yi salla, shi ya ja. A jirgi wayarsa ta yi ƙara, hotunan tafiya sun shigo. Ya daɗe yana kallon ɗaya, sannan ya juyo mini da ita.

"Mi kake nema a ciki, Yaya?"

Kunya ta rufe ni. Ya mayar da wayar aljihu ya ce, "Kwana shida ban ganin sama a Canaan. Shi ke kawo ni."

Na kira Kano na ce a ba shi, ban ga aibu ba. Gaskiya na faɗa, amma har yau ban san ko da zuciya ɗaya na faɗe ta ba, ko don tsoron abin da ke aljihunsa. Yanzu 'ya'yansu biyu. Bai taɓa tayar da maganar ba, ni ma ban taɓa tambayarsa ko ya goge hoton ba. Duk sanda muka haɗu a taron dangi ya ciro waya yana murmushi, sai in matsa kusa da shi.