Ƙofar da Rabi ta tare

Bana shekara shida ke nan da rasuwar yayana Malam Sanusi a Ƙauran Namoda, kuma wallahi har yau zuciyata ba ta huce ba.

Mura ce ke tayar masa da ciwo. Zai yi 'yar mura irin ta kowa, ta wuce, bayan kwanaki sai ya ji kamar kiyashi na yawo a tafin ƙafarsa, daga nan ƙafafun su mutu. Sau biyu ana kai shi Sakkwato a kwance, yana dawowa da sanda. Likita ya ce ƙwayar cutar mura ce ke zuga garkuwar jikinsa, in ta gama da murar sai ta juya kan jijiyoyinsa. Ya gargaɗi Rabi, matar Yaya: duk mai tari ko atishawa kada ya kusance shi.

To, a garinmu wa ke hana dubiya? Rabi ta shimfiɗa tabarma a zaure, ta ce a gaishe shi daga can. Nan take aka ce ta raina dangin miji.

Sai ga Baffanmu daga Birnin Tsaba, yana tari, ido jajir. Rabi ta durƙusa a bakin ƙofa ta ce, "Baffa, don Allah a yi mai addu'ar daga nan."

"Mi? Ni za a hana ganin ɗan ƙanena?"

Ya tsallake ta, ya zauna bakin gado, ya kama kan Yaya ya tofe shi da addu'a, fuska da ƙirji. Kunya ta hana Yaya kau da kai, amin kawai yake cewa.

Murar ta kama shi. A wannan karon shanyewar ba ta tsaya a ƙafa ba, ta hau har ƙirji. Numfashi ya ƙare masa a mota a hanyar Sakkwato, ko Gusau ba mu kai ba.

Na san kwana ne ya ƙare, ban ja da ikon Allah ba. Baffa ma ƙauna ce ta kawo shi. Amma da Yaya zai leƙo yau, me zai gani? An yi korona, kowa ya ji a rediyo yadda tari ke yaɗa cuta, duk da haka a kowane suna da biki ana nuna Rabi da baki: ga wadda ta kori 'yan dubiya. Haba jama'a!

Ɗalibansa na nan suna yi masa addu'a, sandarsa na jingine a ɗakin Inna. Rabi kuwa ita ke riƙe da marayunsa. A cikinmu duka ita kaɗai ta durƙusa tsakaninsa da abin da ya kashe shi, kuma ita ce har yau ba a yafe wa ba.