Gudumar Yaou

Yaou bai taɓa zama a aji ba, amma har gobe a unguwar Tayuri ta Sabha "Yaou na jami'a" ake ce masa. Daga Tanut ya zo Sabha, a shekarun da Libiya ta buɗe wa 'yan Afirka ƙofa, aiki na neman mai yi. Yana zaune bakin titi aka ɗauke shi aikin yini ɗaya, yinin nan kuwa ya cinye ƙuruciyarsa kaf.

Ɗaliban jami'a ne suka ɗauke shi, masu karatun duwatsu da ruwan ƙarƙashin ƙasa. Sai su ja doguwar waya a kan yashi, su kakkafa na'urori masu jin motsin ƙasa, Yaou ya maka guduma a kan farantin ƙarfe. Girgizar ta nutsa ta dawo, su ga zurfin ruwa a allon injinsu. Kafin ya buga kowa sai ya ƙame, ko ƙafa ba a motsawa, har malaminsu mai ƙaton tumbi, duk ana jiran ɗan Tanut! A gama a zauna inuwar mota, ga shayi mai kumfa, ga gyaɗa, suna gwamutsa masa Hausa yana rama musu da Larabci. Bai ƙara jin daɗin duniya irin na lokacin ba.

Sai dai inji ba shi da kara. Da girma ya kama Yaou, bugunsa ya daina kaiwa na'urar ƙarshe. Ya san ranar da aka karɓe gudumar nan, shi da jami'a sai labari. Wata ɗaliba, Sharifa, ta soma rage tsawon wayar, wai filin ya yi kaɗan. A Sahara fa! Sauran suka goya mata baya.

Rannan ana auna wa wani manomi wurin rijiya, Yaou ya ja ta gefe.

"'Yata, in waya ta gajarta, mi ke faruwa?"

Ta sunkuyar da kai. "Ba ma gani da zurfi, Baba."

"To ruwan mutumin nan fa?"

Ta juya ta koma wurin injin.

Washegari ya zo da maƙwabcinsa Seyni, ƙato mai ƙirar dambe, ya damƙa masa gudumar. Sharifa ta matsa wa Yaou wuri a mota, ya girgiza kai.

"Ku ja wayar har ƙarshe," in ji shi.

Ya daure yana ɗaga musu hannu. Sai da motar ta sha kwana ya bar hawayen suka zubo.