Malam Hodi da Kwamfutar da Aka Ce Ta Kamu da Bairos

Da hantsi Malam Hodi ke buɗe shagonsa na buga takardu a unguwar Badariya. Yakan share, ya kunna tsofaffin kwamfutocinsa, sannan ya cire maus ya jefa aljihu. Ɗalibansa makafi ne da masu raunin gani, kuma kullum cewa yake, "Yatsa da kunne sun ishe ku." Shekara da shekaru yana haka. Yanzu ciwon baya zai sa ya ajiye aikin, kuma ba wani mai babbar riga da ya taɓa taka ƙofar shagon nan. Abin da ke ci mini rai ke nan.

Yayata Nazifa ke buga takardu a ofishin wata ƙungiyar manoman shinkafa a Argungu. Da idonta ya fara dushewa, shugaban ofishin ya ce ta koma gida ta huta. Hutu! Mace mai riƙon marayu. Ni na ɗauko ta a babur na kai ta wurin Malam.

"Ɗiyata, mi kika gani ga allon ga?"

"Duhu-duhu ɗai, Baba."

Ya danna madannai, rubutu ya kumbura, ya koma fari a kan baƙi. Ya sake dannawa, kwamfuta ta shiga karanto shi da murya. Da ta zo kan sunan garin Zauro sai ta ce "Zoro".

"Yi mata haƙuri, baƙuwa ta," in ji Malam. "Ba ta taɓa shan ruwan Rima ba."

Rabon da in ji dariyar Yaya tun kafin ciwon.

Abin haushi, duk wannan yana cikin kwamfutar ofishinsu tun ranar da aka saye ta, ba wanda ya duba. Yaya ta koya, ta koma aiki, ta kunna muryar. Mai gyaran ofis ya ji kwamfuta na magana ita kaɗai, ya ce bairos ne, ya goge komai har da aikin da ta buga. Shugaba ya ce ita ta sa wa kwamfuta cuta, ta tattara kayanta.

Kai ne, Malam, ka hau mota zuwa Argungu da bayanka mai ciwo. Ba ka yi gardama da kowa ba. Ka maƙala wa Yaya abin sauraro a kunne, ka ce wa shugaban, "Ranka shi daɗe, ka hwaɗi, ta rubuta. In ta ɓata, ni ad da laihi." Ya faɗa, ta buga, tana ji tana gyarawa. Ya bar ta a kan aikinta. Haƙuri kuwa bai ba ta ba har yau, sai ma ya mayar da teburinta bakin ƙofa.

Jigon marasa gani, kai ba ka riƙe abin a rai ba. Ni na riƙe. Masu ofis da masu gyara, kafin ku sallami mutum don idonsa, ku nemi wanda ya sani ya duba muku na'urar da ke gabanku. Matasan da suka iya kwamfuta kuma, wani ya karɓi shagon nan kafin a mayar da shi wurin cajin waya.

Mun gode, Baba, Allah ya ba ka lafiya. Yaya ta ce in ba ka haƙuri, ba za ta samu zuwa taron bankwana da za a yi maka ranar Litinin ba. Tana wurin aiki.