Baƙon da ya zo cikin dutse

A shekarar tsuke bakin aljihun gwamnati, da aka rufe laburaren da muke ajin yaƙi da jahilci, na sayi dutsen teku na sa a tankin gilashin da nake kiwon kifi a Gorton, unguwarmu a Manchester. Ashe da baƙo a ciki: wata halitta kamar jatan lande, hannuwa a naɗe irin na ƙoƙi-ƙoƙi. Uwargida ta ji cewa wasunsu na fasa gilashi. Ta ce in irinsu ne, ba zai sake kwana a flat ɗinmu ba.

Mun tashi da asuba, ni da maƙwabcina mai taksi, zuwa Birmingham wajen wata 'yar Katsina da ke binciken halittun ruwa. A kular tuwo na ɗauko shi don kada ruwan ya huce. Hazo ya lulluɓe babban titin M6, tumaki a gonaki kamar audugar da aka manta ba a tsince ba. Ina karanta allunan hanya a hankali, kafin in haɗa harufa mun wuce. A wurin hutawa muka sha shayi mai tsada marar daɗi.

A unguwar Edgbaston 'yar Katsinar ta juye shi a kwanon gilashi. Kore ne, ƙafafunsa na kaɗawa kamar gezar rawani, kowane ido na juyawa inda ya ga dama. Na ji kamar ni ake bincike.

"Kawu, launin jiki ruɗi ne," in ji ta. "Akwai tabo a cikin hannunsa da ke nuna irinsa, sai ya fusata yake buɗewa."

"To, Dakta, ki zage shi mana," in ji maƙwabcina.

Ta gwada da tsinke, ya ƙi. Ta tafi lacca, maƙwabcina ya tafi neman abinci. Ni na zauna. Har azahar ni da baƙon muna kallon juna. Da na matso da yatsa, sai ya ware hannuwa: tabo ruwan shuni, da farin zobe kewaye.

Da ta dawo na faɗa mata. Ta buɗe littafi, ni na karanto sunan da kaina, gaɓa-gaɓa: Gonodactylus smithii.

"Ƙarami ne, ba ruwansa da gilashinka, Kawu. Amma ba ya zama da kowa. Ko shi, ko kifin."

Har muka shigo Manchester da magariba ina tunani. Na gane sanin sunan abu ba kyauta ba ne. Shi na zaɓa. Sauran mazauna tankin na rabar: kifi huɗu, ƙaguwa ɗaya, dodon koɗi bakwai.