Ranar da Na Shigo da Sojojin Hirudus

Ni nake koyar da ajin baftisma a majami'armu, a wani ƙauye kusa da Kafanchan. Firamare kaɗai na gama, amma ina son a ce na san Maganar Allah. Son yabon nan ne ya kai ni ga abin da zan faɗa.

A ajin nakan fara da Bisharu huɗu. Nakan nuna musu cewa Markus da Yohanna ba su kawo labarin haihuwar Yesu ba. Luka ne ya kawo makiyaya da komin dabbobi. Matiyu ya kawo masanan da suka bi tauraro, da sarki Hirudus da ya sa aka karkashe jarirai maza, har Yusufu ya gudu Masar da Maryamu da yaron. Wasan Kirsimetinmu kullum a kyautar masanan yake tsayawa, mata su rangaɗa guɗa, a tashi a ci shinkafa. Shekarar da aka ba ni shirya wasan, na ce rabin labari ake nunawa, ni zan ƙarasa.

Na zaɓi samari shida su zama sojoji. Na ce su zo da addunan gona, su shafa gawayi a fuska, su ɓuya a bayan majami'a. Ban gaya wa fasto ba, matata kaɗai ta sani.

"Baban yara, a wannan ƙasa tamu?" in ji ta. "Ka manta su waye ke kwana a ajujuwan makaranta?"

Ban manta ba. Iyalai ne da 'yan bindiga suka kora daga ƙauyensu. Na ce mata ai a rubuce yake.

Ranar Kirsimeti da hantsi majami'a ta cika maƙil. Masanan na ajiye kyaututtukansu, na ɗaga hannu. Samarin suka banko ƙofar baya da ihu, adduna a sama. Ba wanda ya tsaya duba fuska. Bencuna suka kife, mutane suna ficewa ta taga. Ina ta ihun "Wasa ne! Wasa ne!" amma ko ni ban ji muryata ba.

Da ƙura ta lafa, aka rasa wata mace cikin 'yan gudun hijirar, da jaririnta ɗan wata uku. Uwar mijinta ta shaƙo wuyan rigata.

"Malam, ina jikana? A gabanta aka sare mijinta, kai kuma ka shigo mata da masu adduna gidan Allah?"

Muka bazu cikin gonakin citta muna kiranta. Shiru. Fasto ya tsayar da mu, ya ce muddin tana jin muryar maza ba za ta fito ba. Sai matan zumuntar majami'a suka shige gaba suna waƙa da yarenta, mu muna binsu a baya kamar kurame. Na kasa ko addu'a.

Wajen la'asar suka same ta a wani kwazazzabo bakin rafi. Ta toshe bakin yaron da zane don kada ya yi kuka a ji su. Da ƙyar suka ɓamɓare hannunta. Yaron ya saki jiki, leɓunansa sun canza launi. Wata nas cikin matan ta kwantar da shi a cinya tana hura masa iska a baki. Na durƙusa a ƙasa, ban san tsawon lokacin ba, sai na ji ɗan siririn kuka.

Washegari na je na durƙusa a gaban uwar yaron. Addar da ke jingine a bango take kallo. Bayan mako guda suka koma wurin dangi a Kafanchan.

Yanzu yaron ya shekara huɗu, an ce har yau bai fara magana ba. Ko daga ranar ne, ko dama haka Ubangiji ya yi shi, ban sani ba. Na san unguwar da suke. Sau biyu ina kaiwa bakin layinsu in juyo.